Ƙahon Zaki a Birnin Darmana

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ɗaukaka sama, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba zaki geza, ya kuma ba wawa baki don ya riƙa tona wa kansa asiri. Ya ku jama'ar wannan zaure, ku gyara zama. Ni ne Mantau ɗan Korau, gardi jikan gardawa, mutumin Tudun Ƙirya. Na yi yawon duniya har tafin ƙafata ya koma kamar ƙirgi. Na ga wawaye iri-iri, masu gemu da marasa gemu, amma ban taɓa ganin inda wauta ta yi gida har ta kewaye shi da ganuwa ba sai a birnin Darmana.

Sana'ar gidanmu wasa da kura ce, ni kuwa sai Allah ya haɗa ni da zaki. Yana ɗan jariri na tsince shi a bakin kwazazzabo bayan mafarauta sun kashe uwarsa. Na raine shi da nonon akuya, na raɗa masa suna Gagarau. Da shi na ci kasuwanni, da shi na yi suna. Amma tsufa ba ya barin kowa. Gezarsa ta fara zubewa, haƙoransa suka kakkarye ɗaya bayan ɗaya, har ya zama sai na daddatsa masa nama ƙanana sannan ya haɗiye. 'Yan kallon da a da suke watsewa in ya yi hamma suka koma tsokanarsa da kara. Mahautan da suke rige-rigen jefa masa cinya suka koma kawar da kai in sun hango mu. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Ba ni da wani buri a lokacin illa in samo wa tsohon nan inda zai ci ya ƙoshi, ya ƙarasa kwanakinsa da mutunci.

Ana nan sai wani falke ya gan mu a gindin kuka, ya ce da ni, "Kai kana zaune da arziki kana hamma. Can bayan Hamadar Ƙarau akwai birnin da suke bauta wa wata uwargijiya, Darmana, Uwar Zakuna. Zaki ne dokinta, zaki ne tambarinta. Ka kai musu wannan, ai kai da shi kun gama wahala." Ban tsaya tambayarsa ko ya taɓa taka garin da ƙafarsa ba. Kashegari muka kama hanya.

Abin da muka gamu da shi a hanya yana da yawa, biyu kawai zan ba ku. Mun yada zango a Garin Sarakai, inda kowane magidanci sarki ne, ba talaka ko ɗaya. Kowa na zaune a ƙofar gidansa da ƙaton rawani, leɓe ya bushe, yana jiran a zo a yi gaisuwa, rijiya kuwa ga ta nan ba mai jan guga. Da suka gan ni sai suka yi caa a kaina, kowa na cewa ga talakansa ya iso. Na durƙusa na ce ni bawa ne mai biyayya, amma babban cikinsu kaɗai zan yi wa bauta, su nuna mini shi. Na bar su suna shaƙe juna da rawunansu, muka sha ruwa muka wuce.

Daga nan muka faɗa Hamadar Ƙarau, wadda ƙasarta ke sheƙi kamar madubi. Duk inda ka waiga kanka kake gani, dubu a gaba, dubu a baya, kowanne yana yafito ka. Ƙasusuwan waɗanda suka bi kansu suna nan birjik. Da na ga hankalina zai gushe, sai na naɗe idanuna da rawani, na kama wutsiyar Gagarau. Shi bai damu da kallon kansa ba, hancinsa yake bi. Haka ya ja ni, yana ɗingishi, har ya tsayar da ni a bakin ruwa. Ku riƙe wannan, don ku san ko wane ne na kira da mummunan suna daga baya.

Da muka hango Darmana na ce lalle gani ya kori ji. Ganuwa ce ta jan dutse, a kanta an jera siffofin wata dabba tun daga gabas har yamma. A jikin ƙyauren ƙofa ga uwargijiyar tasu an sassaƙa, mace mai faɗin kafaɗa, mashi a hannu, tana zaune a kan dabbar nan. Na ƙura ido. Ga geza dai kamar ta zaki. Amma ga ƙaho ɗaya miƙe a tsakiyar goshi, ga ido rambaɗau da kwalli kamar na amarya, ga baki a tsuke ba alamar haƙori. Ina cikin tunanin ko wace halitta ce wannan, sai mai tsaron ƙofa ya tare mu da sanda. Wani ƙato ne mai tumbi, Barmuza sunansa.

Ya ce, "Kai baƙo, ina za ka da wannan ƙazamin kare?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, zaki ne. Na kawo wa Uwar Zakuna."

Barmuza ya dube ni, ya dubi Gagarau, ya riƙe ciki ya fashe da dariya har sanda ta faɗi. Ya nuna ƙyauren ya ce, "Makaho ne kai? Ga zaki nan! Ina ƙahon naka? Dubi ƙudaje a fuskarsa, ji wari! A garin zaki za ka koya mana zaki? Ja abinka ka ba mu wuri tun ban saɓa maka ba."

Na ja Gagarau muka koma inuwar wasu bishiyoyi a wajen ganuwa, inda masassaƙa suke aiki. Shugabansu wani tsoho ne mai ji da kansa, ana ce masa Gwani Ƙandas. Na gaishe shi, na yaba aikinsa, don mai son yabo ba ya da wuyar tatsa. Sannan na tambaye shi yaushe rabon garin da zaki mai rai.

Ya ce, "Tun ranar da Darmana ta hau na ƙarshe ta tashi sama. Kakan kakana ma bai riski zamanin ba."

"To, Gwani, a ina kuka ga siffarsa?"

"A wurin iyayenmu mana. Kowa daga ubansa yake ɗauka. Kuma a al'adarmu ba a naɗa mutum gwani sai ya ƙara wa zakin ubansa wani kyau, in ba haka ba ina gwanintar? Wani kakanmu ya ga bai dace dokin Uwa ya tsaya ba makami a ka ba, ya sa masa ƙaho. Wani ya ga haƙori muni ne a gabanta, ya cire. Kwallin nan da ka gani," ya bugi ƙirji, "ni na ƙara shi."

Na ce masa lalle zaki ya gode.

Da ina da hankali da nan na juya. Amma bayana hamada ce, tsohona kuma ba zai sake iya keta ta ba. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi ka liƙa. Na shiga jeji na sami mushen wani sa, na ciro ƙaho ɗaya na kankare shi har ya yi sheƙi. Na dafa ƙaro na liƙa shi a goshin Gagarau, na ɗaure da tsirkiya ta ƙarƙashin geza. Na wanke shi tas, na rambaɗa masa kwalli. Duk abin nan yana kwance yana kallona, bai ko motsa ba, don bai taɓa zaton sharri daga hannuna ba.

Da muka koma ƙofa, Barmuzan nan da ya kore mu yana ganinmu sai ya zube ƙasa yana zuba wa kansa turɓaya. Kafin ka ce kwabo gari ya ɗauka. Aka yi ta guɗa, aka shimfiɗa zannuwa a hanya, aka kai mu gidan tsafi gaban Magajiya Tamraza, wadda ita ce bakin Darmana a cikinsu. Dattijuwa ce siririya mai kaifin ido. Ta zagaya Gagarau a hankali, ta tsaya a kan ƙahon ta daɗe. Sannan ta ce a buɗe bakinsa. Na buɗe. Jama'a suka leƙa suka ga dasashi fayau ba haƙori ko ɗaya, sai wurin ya kaure da ihu. Tsufan da ya sa aka raina shi a ƙasarmu, shi ya zama shaidarsa a nan.

Aka kwantar da shi a kan kilisai a ƙarƙashin gunkin Darmana, aka kewaye shi da shingen tagulla. Ni kuma aka ba ni ɗaki da riga, aka ce daga yau sunana Mai Rakiyar Zaki. Na ce a raina, abin nema ya samu.

Sai aka kawo abinci. Ƙwarya ta fari zuma, ta biyu madara, ta uku dabino da aka cire wa ƙwallo. Na jira in ga nama, shiru. Na matsa kusa da wata mai hidima na ce, "Baiwar Allah, naman fa?" Ta dafe ƙirji kamar na zagi uwarta. Ta ce dokin Uwa mai tsarki ne, jini ba ya taɓa bakinsa, kowa ya san zaki zuma yake sha. Na tambaye ta wa ya faɗa. Ta ce ai ba shi da haƙori, da me zai ci nama?

Da fari ya ɗan lashi madarar. Daga baya ko kallonta ba ya yi. Kwanaki suka yi ta tafiya, haƙarƙarinsa suka fito ana iya ƙirga su daga bakin ƙofa, gezar da ta rage tana zuba a kan kilisai. Masu ziyara kuwa sai tsince gashin suke yi suna ɗaurawa a wuya don neman haihuwa. Suna zuwa da safe su faɗi gabansa su yi kuka, su ce dubi yadda yake azumi saboda zunubanmu, sannan su fita su tsaya wurin mai tsire a ƙofar gidan tsafin su cika ciki. Hayaƙin tsiren nan har cikin shingen yake shiga. Ina ganin hancin Gagarau yana rawa.

Na yi ƙoƙarin satar hanya. Na naɗe hanta a cikin rawanina na nufi shingen. Ashe suna da wani ma'aikaci, Sarkin Hanci, wanda ba shi da aiki sai sansanar masu shiga. Mutumin da bai ji warin ƙaro a goshin zaki ba, ya ji warin hanta tun daga zaure. Aka kwance rawanin, aka tsula mini bulala a bainar jama'a, aka hana ni wuce bakin ƙofa. Daga ranar sai dai in hango shi daga nesa. Shi ma in ya ji muryata sai ya ɗaga kai da ƙyar, ƙahon nan yana rinjayar wuyansa.

Da na ga abin ba na wasa ba ne, na nemi iso wurin Magajiya. Na same ta da hantsi ita kaɗai, da akushin gasasshen nama a gabanta. Na faɗi na ce, "Ranki ya daɗe, zakin nan mutuwa zai yi. Ki yi wa girmanki ki sa a ba shi nama, ko a ɓoye ne."

Ta gama tauna, ta suɗe yatsa, sannan ta ce, "Tashi, baƙo. Ni ba a garin nan aka haife ni ba. Ina yarinya zaki ya kashe saniyar ubana a kan idona. Na san zaki, na kuma san warin ƙaro."

Na ce, "To tun da kin sani, uwar ɗakina..."

"Tun da na sani me? Fita ka dubi ƙofofin garin nan. Kowace da zakinta marar haƙori, kowanne kakan wani ne ya sassaƙa. In wannan ya ci nama yau, gobe wa zai gaya wa mutanen nan iyayensu ƙarya suka bar musu? Ni? Zaki mai rai ɗawainiya ne. In ya mutu a gaban Uwa sai mu ce ta kira shi sama, mu gina masa hubbare, a yi ta ziyara."

"To ki ba ni abina mu tafi."

Ta ce, "Zaki ba ya fita gidan nan sai gawa. Ai ba kare ba ne, da za a ja shi a jefar bayan ganuwa don kada jininsa ya ɓata mana gari." Ta mayar da hannu cikin akushi. Har yau ban sani ba ko suɓul da baka ta yi, ko kuwa ƙofa ta buɗe mini da gangan.

Ba a daɗe ba ranar babban bikinsu ta zo, ranar da ake zagaya gari da zakin Darmana. A da wani ƙaton zakin itace suke ja a kan amalanke, bana kuwa ga mai rai. Da yake Gagarau ba ya iya tsayuwa, sai ƙarti suka ɗauko shi a kan gado, an rufe shi da alharini, an sabunta masa kwalli. Gari ya cika ya batse, ganguna na tashi, mata na shimfiɗa zannuwa a hanya suna watsa masa furanni. Da aka kawo shi dandali na hango cikinsa yana ɗagawa kaɗan-kaɗan, na san in aka kai gobe sai dai hubbaren.

Na kutsa cikin taron, na bangaje wannan na ture wancan, na haye gadon. Na yanke tsirkiyar, na kama ƙahon da hannu biyu na fizge. Ya fito da gashi da fata. Na ɗaga shi sama na kwarara ihu:

"Jama'a, na cuce ku! Ƙahon sa ne, da ƙaro na liƙa! Wannan ba zaki ba ne, kare ne! Karena ne na farauta, tsufa ya kumbura masa kai!"

Wallahi da a ce wuta aka ba ni in haɗiya da ta fi mini sauƙi. Gagarau ya buɗe ido ya dube ni, jini yana bin goshinsa. Na kawar da kai.

Ganguna suka tsaya cik. Can sai na ji muryar Gwani Ƙandas yana cewa shi dama tun farko ya ga ƙahon bai zauna daidai ba. Nan take kowa ya zama mai hangen nesa. Wannan ya ce shi ya ji wari, wancan ya ce shi bai taɓa durƙusawa da zuciya ɗaya ba. Matan da suka ɗaura gashinsa a wuya suka tsittsinke suna tofar da yawu. Ƙartin suka saki gadon ya faɗi. Aka yo kaina da duka ta ko'ina, wasu suka zaro wuƙaƙe. Sai Magajiya ta ɗaga sandarta ta ce, "Kada wanda ya zubar da jinin kare a ƙasar Uwa. Ku fitar da ƙazantar nan, shi da maigidansa." Ba ta dube ni ba.

Suka ɗaura masa igiya a ƙafa suka ja shi a ƙasa, ta kan zannuwan da suka shimfiɗa masa. Ni kuma aka tasa ƙeyata da sanduna. Suka fitar da mu ta ƙofar baya, suka wurga mu a juji, suka rufe ƙyaure.

Jujin nan kuwa nan mahauta suke zubar da abin da ya rage, ga shi ranar biki an yi yanka ba adadi. Huhu, tumbi, hanji, kawuna, ga su nan tuli, karnuka da ungulaye suna ta rabo. Na ja jiki da rarrafe, ido ɗaya a kumbure, na kori wata ungulu na ƙwace huhu. Na yanka ƙanana yadda na saba, na buɗe bakinsa na sa masa a kan harshe. Bai haɗiye ba. Naman ya zauna a bakinsa, idonsa a rufe. Na tallabi kansa na ɗora a cinyata ina shafa masa maƙogwaro, ina kiran sunansa na gaskiya, ina yi masa kirarin da nake yi masa a kasuwa, hawaye na zuba ban damu da wanda zai gani ba. Na ce shi ke nan, na makara.

Sai na ji maƙogwaron ya motsa a ƙarƙashin hannuna.

Na sa masa wani, ya haɗiye. Na sa wani. Tun ina ba shi har ya fara miƙo baki da kansa. Rana ta karkata muna nan. Wajen la'asar sai ya dafa ƙafafun gaba ya miƙe, yana tangaɗi, kwalli ya dame da jini a fuskarsa. Karnuka suka ja da baya. Ya shaƙi iska, ya sunkuyar da kai, ya saki ruri. Tun da muka shiga ƙasar bai taɓa buɗe murya ba sai ranar. Ungulaye suka tashi gaba ɗaya, ganuwar ta amsa, na ji ƙarar har cikin haƙarƙarina.

A cikin gari an riga an fito da zakin itace an ci gaba da biki. Gangunan suka sake ɗaukewa. Aka yi tsit. Sai kuma guɗa ta ɓarke, irin wadda ban taɓa jin kamarta ba.

Jim kaɗan ƙofar baya ta buɗe, wani mahauci ya fito da gudu ɗauke da kwandon kayan ciki, fuskarsa sharkaf da hawayen murna. Ya juye kwandon a gabanmu yana haki ya ce, "Kai la'ananne, ka ji abin da ka rasa? Kuna fita Uwa ta huce! Zakinta ya yi magana! Na itacen nan, da kunnena na ji!" Ya juya zai koma, ya yi tuntuɓe da wutsiyar Gagarau, ya kai masa shuri ya ce, "Ka kawar da karen nan daga hanya."

Na ce masa to. Na jawo hanta daga cikin abin da ya zubar, na ci gaba da yanka.

Iyakar abin da idona ya gani a Darmana ke nan, ya ku jama'a. Wanda ya ce ƙari na yi, hanya a buɗe take, ya je ya gaya musu kamannin zaki.